Babi na Shida: Wayoyi Huɗu da Maɓalli Mai Haske

A ƙasar Arewa ta Nijar, in ka taso daga Dogondutsi ka gangaro Dallol Mawri ta Kore Mairuwa da Tibiri har zuwa Dumega, dab da iyakar jihar Kebbi, duk inda ka hango haske bayan sallar isha'i to sana'a ake yi a wurin. Ko mai shayi ne, ko mai cajin waya da soket jere a kan tebur, ko gidan kallon ƙwallo da samari suka cika har bakin ƙofa. Wuta a nan abar lissafi ce. Mai farantin sola ya san awa nawa batirinsa zai kai shi, mai janareto ya san litar mai nawa zai ƙona kafin a watse.

Dalilin sananne ne. A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun lantarki, a karkara kuwa abin bai ko kusa da haka ba. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana dogaro da wutar da ake sayowa daga Najeriya ta babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi, ya ratsa Dosso ya isa Yamai tun 1976. Da Najeriya ta katse layin a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, manyan birane sun ɗanɗana duhun da ƙauye ya saba da shi, kuma wutar ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta ɗan rage wa Yamai raɗaɗi, amma saurayin da ke son buɗe gidan gem a garin da ke da nisan tafiyar sa'o'i daga babban birni dole ya riƙa ƙidaya wat ɗaya-ɗaya.

Shi ya sa na zaɓi ƙaramin aiki don wannan babi: yadda ake kunna fitilun da ke cikin maɓallan injin wasa da wutar da kwamfuta ke bayarwa. Kayansa ba su da tsada, wutar da ake taɓawa ba ta kai ta jan mutum ba, kuma wanda ya yi shi da kyau sau ɗaya ya koyi abin da zai yi masa amfani a gyaran rediyo, da haɗa sola, da wayarin ɗin mota.

Daga Amurka da Japan zuwa rumfar zana

Injin wasa na tsaye, mai allo a sama da sanda da maɓallai a gaban ɗan wasa, ya fara yaɗuwa a Amurka a 1972 da wasan Pong na kamfanin Atari. Japan ta karɓi ragama da Space Invaders na Taito a 1978 da Pac-Man na Namco a 1980. A 1991 Capcom ya fitar da Street Fighter II, wanda ya sa tsarin maɓalli shida ga kowane ɗan wasa ya zama ruwan dare. Kafin nan, a 1985, ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan, JAMMA, ta daidaita mahaɗi guda mai haƙora 56 don allon kowane wasa ya shiga kowane akwati. Manyan wutocin da ke bi ta wannan mahaɗi su ne bolt 5 don ƙwaƙwalwar wasan da bolt 12 don sauti da makamantansa.

Waɗannan biyun su ne kwamfutar tebur ma take rayuwa a kansu. Da wani Ba'italiye mai suna Nicola Salmoria ya fitar da manhajar MAME a 1997, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin injunan, sai mutane a ko'ina suka shiga sassaƙa akwatin katako suna saka tsohuwar kwamfuta a ciki. Kafinta a Dogondutsi ko Tibiri zai iya yin akwatin. Tsohuwar kwamfutar ofis ana samunta a kasuwannin kayan lantarki na Yamai, Maraɗi, Sakkwato da Kano. Abin da ya rage shi ne maɓallai, da kuma hasken da ke cikinsu. A rumfar da ƙwai ɗaya ke haskawa, wannan hasken ne ke nuna wa ɗan wasa inda zai sa yatsa, shi ne kuma ke kiran mai wucewa daga nesa.

Akwatin wuta da launukan wayoyinsa

Buɗe murfin kwamfutar tebur, za ka ga wani akwatin ƙarfe mai fanka a kusurwar baya, damin wayoyi masu launi ya fito daga cikinsa. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar gari mai bolt 220, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ya mai da ita ƙananan wutoci masu tafiya fuska ɗaya, a natse. Tun 1995, lokacin da Intel ya fitar da tsarin ATX, launukan suka zama kusan yare ɗaya a duniya. Waya mai ruwan ɗorawa bolt 12 ce. Ja bolt 5. Mai ruwan goro bolt 3.3. Baƙa ita ce hanyar komawar wuta, wato mainas. Akwai koriya guda ɗaya, wadda ke ba akwatin umarnin tashi, da mai ruwan shunayya, wadda ke ɗauke da bolt 5 a kowane lokaci muddin akwatin na jone da soket, ko da an kashe kwamfutar.

A cikin damin nemi wani farin kai na roba, faɗinsa bai wuce na babban yatsa ba, da ramuka huɗu a jere. Ana kiransa Molex, da sunan kamfanin da ya shahara da ƙera shi. Juya shi a hannunka: kusurwoyi biyu a yanke suke, biyu a miƙe, don kada a soka shi a juye. Wayoyi huɗu ne ke shiga bayansa, ruwan ɗorawa a gefe, baƙaƙe biyu a tsakiya, ja a ɗaya gefen. A da shi ke ciyar da faifan ajiya da na'urar CD, don haka a yawancin tsofaffin kwamfutoci za ka tarar da ɗaya ko biyu suna reto ba aiki. Ka ɗauki ja da baƙa, ka samu bolt 5. Ka ɗauki ruwan ɗorawa da baƙa, ka samu bolt 12. A sababbin kwamfutoci wani siririn baƙin kai mai haƙora 15, wato SATA, ya maye gurbinsa, kuma wutocin nan biyu suna cikinsa.

Shi kuma maɓallin, in ka kwance shi za ka ga gida biyu ne a jiki ɗaya. A sama akwai murfi mai launi wanda haske ke ratsawa, da ɗan sifirin da ke maido shi bayan an danna. A ƙasa akwai ƙaramin makunni mai ƙara "ƙyat", da harsunan ƙarfe biyu ko uku. Shi ke shaida wa kwamfuta an danna, ta hanyar wani ɗan allo da ake jonawa a USB. A tsakiyarsu akwai mazaunin ƙwan fitila da nasa harsuna biyu daban. Makunnin da ƙwan maƙwabta ne kawai, ba su haɗa hanya ba. Wanda ya rikita su har bolt 12 ta shiga harshen makunni, ta bi ta kai ga ɗan allon da bolt 5 kaɗai ya sani, ya yi asarar allon nan take.

Lissafin da ba a tsallakewa

Masu lambun rake a fadamar Dallol sun san ƙarfin da injin ban ruwa ke tunkuɗo ruwa da shi daban, yawan ruwan da ke bi ta tiyo daban. Haka lantarki yake: bolt shi ne ƙarfin tunkuɗar, amfiya shi ne yawan abin da ke gudana, rizista kuwa matsi ce da ake sa wa hanya don kada abin ya yi yawa. Amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce, kuma in ka ninka bolt da amfiya ka samu wat.

Tsofaffin maɓallai ƙananan ƙwayaye masu zare suke ɗauka, kowane yana shan miliamfiya 150 zuwa 250, yana kuma zafi. Na yanzu LED ne. Nick Holonyak ya ƙera jan LED a kamfanin General Electric a 1962, amma shuɗi mai haske sosai bai samu ba sai a farkon shekarun 1990, ta hannun Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin aka samu fari, wanda ke cikin kowace tocila da fitilar sola a kasuwannin Arewa yau. Ƙaramin LED miliamfiya 20 ta ishe shi.

Sai dai LED bai san ƙoshi ba. In ka ba shi wuta kai tsaye zai ja fiye da ƙarfinsa ya mutu, don haka ake ɗaura masa rizista. Jan LED yana riƙe kimanin bolt 2, shuɗi da fari kimanin 3. Abin da ya ragu rizista ce za ta shanye shi, kuma dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ke faɗin girmanta: raba ragowar bolt da amfiyar da kake so. A kan bolt 5, jan LED ya bar 3, a raba da 0.02, ya ba da om 150. A kan bolt 12 ya bar 10, ya ba da om 500, sai a ɗauki 510 ko 560 da ake samu a shago. Yawancin ƙwayayen maɓalli suna zuwa da rizistarsu a ciki, an rubuta 5 ko 12 a jikinsu ko a leda. Na 5 in ya hau 12 zai yi wal ya ƙone. Na 12 in ya hau 5 zai kama, amma dishi-dishi.

Yanzu a ƙidaya. Allon mutum biyu yana da maɓalli shida-shida, da biyu na farawa, da biyu na saka kuɗi: 16 ke nan. Sau miliamfiya 20, an samu 320. A kan bolt 5 wannan wat 1.6 ne kacal, a kan bolt 12 ya kusa wat 4, domin yawancin ƙarin a rizista yake ƙarewa ya zama zafi. Da a ce tsofaffin ƙwayaye masu zare ne, da an doshi amfiya 3, wato wat 36, abin da ya fi ƙarfin wata ƙaramar talabijin. Ga mai batir, LED na bolt 5 shi ne zaɓi.

Wannan lissafin ne kuma ke amsa tambayar ko ramin USB kaɗai ya isa. USB na 2.0 miliamfiya 500 ya yi alkawari, na 3.0 kuma 900. Maɓalli 16 masu launi ɗaya za su shiga cikin 500, amma da ƙyar in ɗan allon sarrafawa ma a nan yake sha. Masu canza launi kuwa LED uku ne a ƙwai ɗaya, ja da kore da shuɗi, miliamfiya 60 kowane maɓalli. Guda 16 sun kai 960, sun wuce ƙarfin ramin. Alamar ita ce hasken ya riƙa ƙifce, ko kwamfuta ta riƙa ɓatar da sandar ana tsakiyar wasa. A nan sai a koma wa Molex, wanda amfiya ɗaya ba ta dame shi ba.

Tambayar da kusan kowane yaron shago ke yi a wannan gaɓa ita ce: "Maigida, an rubuta wat 300 a jikin akwatin, ba zai ƙona ƙwayayen ba?" Amsar ita ce a'a. Lambar tana faɗin iyakar abin da akwatin zai iya bayarwa, kowane ƙwai kuwa abin da rizistarsa ta yarda da shi kaɗai yake ja. Amma tambayar tana da ƙafa, domin wannan ƙarfin yana nan a laɓe. In ja da baƙa suka haɗu ta siririyar waya, layin bolt 5 zai iya turo amfiya 15 ko 20 kafin akwatin ya ankara ya kashe kansa, wayar ta narke a cikin akwatin katako. Maganinsa fis mai amfiya ɗaya, a sa shi a kan jar waya tun daga tushe.

Yadda ake haɗawa

Kashe kwamfutar ka zare wayarta daga soket, saboda waccan mai ruwan shunayya ba ta barci. Kada ka yanke wayoyin akwatin wuta. Nemi kan Molex na namiji daga matacciyar fanka ko tsohuwar wayar ƙari, ka yi aikinka a kansa, ta yadda ranar gyara cirewa kawai za ka yi. Wayar da ba ka buƙata, misali ruwan ɗorawa in ƙwayayenka na bolt 5 ne, ka datse ta gajere ka naɗe bakinta da salatif.

Kafin ka jona komai, kunna ka gwada da mita mai auna bolt: baƙin tsinke a baƙar waya, ja a jar waya, ka ga lamba kusa da 5. Kada ka yarda da launi kaɗai. Wasu manyan kamfanoni sun sha yin nasu tsarin wayoyi, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin ofis na ƴan shekarun nan akwatinsu bolt 12 kawai yake fitarwa, babban allo ne ke samar da 5 ɗin. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, mita kuwa ba ta ƙarya.

Daga nan sai ka ja waya ɗaya daga fis ta bi harshen fulas na kowane ƙwai, daga wannan zuwa wancan, wata kuma ta bi harshen mainas haka nan ta koma baƙar waya. Ta haka kowane ƙwai yana samun cikakkiyar bolt ɗinsa, kuma mutuwar ɗaya ba ta kashe sauran. LED fuska ɗaya yake karɓar wuta: in ƙwai ɗaya ya ƙi kamawa, zare shi ka juya shi kafin ka ce ya lalace. Kowace gaɓa a yi mata dalma ko a matse ta da kan ƙarfe. Murɗa waya da hannu ba ya jure duka, kuma allon wasan faɗa duka yake sha daga safe har dare.

Wani ya fi son ware wa fitilu akwatin wuta na daban. Irin wannan ba ya tashi shi kaɗai sai an haɗa koriyar waya da kowace baƙa a babban kai mai ramuka 20 ko 24. Da an haɗa, fanka za ta juya. Wasu tsofaffin akwatuna ba sa tsayar da wutarsu daidai in kayan da aka ɗora musu sun yi kaɗan, don haka a sake gwadawa da mita bayan an jona ƙwayayen.

Abu uku ne ke kawo babbar ɓarna. Na farko wani ɗan jan makunni a bayan tsofaffin akwatuna mai lamba 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka takan zo a kan 115, in aka soka ta a wutarmu haka nan sai ƙara da hayaƙi. Duba shi tun a gaban mai sayarwa. Na biyu buɗe akwatin wutar kansa. Manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe fiye da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare soket. Duk abin da wannan babi ke buƙata yana waje, a kan wayoyi. Na uku wayoyin canji masu arha tsakanin SATA da Molex, waɗanda aka zuba wa roba a kai: an san su da yin zafi har su kama wuta. Araha ba ta ado.

Sai yanayinmu. A watannin Afirilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Akwatin katakon yana buƙatar ramukan iska a ƙasa da sama, da raga a kansu saboda ƙadangaru da ɓeraye, kuma a riƙa hure ƙurar a kai a kai.

In batir ne tushen wutar

A inda sola ce kaɗai madogara, yana da kyau a tsaya a dubi hanyar da wutar ke bi. Batir yana ba da bolt 12, inbata ta ɗaga ta zuwa 220, akwatin kwamfuta ya sake sauko da ita 12 da 5, kuma a kowane mataki wani kaso yana tafiya a zafi. Batir mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, amma rabin kaɗai ake ci in ana son ya daɗe. Tsohuwar kwamfuta da allonta in suna shan wat 120, awa biyar ke nan, tun ba a cire asarar inbata ba. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wadda ta fito a Ingila a 2012, bolt 5 take ci, kuma ita da talabijin mai aiki da bolt 12 da fitilun maɓallai duka ba lallai su wuce wat 35 ba. Batirin nan zai ɗauke su fiye da awa 15.

A irin wannan tsari fitilun za su iya sha daga ƙaramin allon da ke sauko da 12 zuwa 5. In kuwa kai tsaye daga batir za a ɗauka, a tuna cewa batir mai sunan 12 yana kaiwa 14.4 lokacin da rana ke caja shi. Rizista mai om 510 za ta bar miliamfiya 24 ta wuce, ƙwan ya tsufa da wuri. Mai om 680 za ta tsayar da ita a 18, hasken bai ragu a ido ba, ƙwan kuma ya yi shekaru.

Iyaye da yawa suna kallon gidan gem da shakka, kuma suna da hujja in wurin ya zama mafakar masu gudun makaranta ko dandalin caca. Wannan nauyi yana wuyan mai shago: ya rufe lokacin salla da lokacin karatu, ya hana sa kuɗi a kan wasa. Amma samarin Arewa sun daɗe suna taruwa da yamma a kan dara da kokawa, taruwa a kan allo ba za ta gushe ba. Abin da ya kamata mu nema shi ne a cikin masu dannan maɓalli a samu waɗanda za su zagaya bayan akwatin su tambayi inda hasken ya fito. Yaron da ya iya karanta launin waya, ya iya riƙe mita, ya iya raba 10 da 0.02 kafin ya jona, ya riga ya mallaki ginshiƙin sana'ar da garuruwan Dallol ke nema ruwa a jallo yayin da farantan sola ke ƙaruwa a kan rufin gidaje, asibitoci da rijiyoyin lambu. A babi na gaba za mu ɗauki wannan lissafi mu auna da shi faranti da batirin da shago ɗaya ke buƙata.